Ranar da Na Kunna wa Inna Fim

Ni ɗan fari ne, kuma wanda bai san abin da hakan yake nufi a ƙauyenmu ba, bari in yi masa bayani. A can wajen Fagam, cikin ƙasar Gwaram, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa magana kai tsaye, in ma ya yi abin kirki a gaban mutane sai ta kau da kai kamar ɗan maƙwabta ne. Kunya ce, kuma abin yabo ne, matar da ta riƙe ta da kyau ana cewa ta fito gidan mutunci. Sauran mata sukan sassauta in yaro ya girma ya ajiye iyali. Innata ko kusa. Na haura arba'in, ina koyarwa a wata sakandare a Birnin Kudu, 'ya'yana huɗu, amma har yau sunana a bakinta “wancan”. Ranar da ta ga dama ta girmama ni sai ta ce wa ƙanwata “yayanki”.

Kakata ce ta yaye ni ta riƙe ni, gida ɗaya, ɗakinta yana kallon na Inna. Ba zan yi wa Allah butulci ba, ban rasa tuwo ba, ban rasa gata ba. Har ma nakan tarar da tsokar nama a ƙasan kwanona, wadda na san kakata ba ta da hanyar samunta. Amma in na yi sallama kowa ya ɗago ya amsa, ita sai ta amsa tana kallon tukunya. In ta ga zan fita ba takalmi sai ta ce wa iska, “Wasu dai ƙaya ba ta ba su tsoro.” Ina yaro abin bai dame ni ba, don haka na ga ana yi wa kowane ɗan fari. Sai da na yi wayo na ga yadda take rungumar ƙannena tana yi musu kirari, sannan abin ya fara ci mini rai.

Ina aji uku a makarantar kwana a Birnin Kudu na ci karo da wani littafi a laburare. Bangonsa ya cire, gara ta cinye shafukan farko, Turancinsa kuma irin na mutanen da ne, sai da ƙamus a gefe. Labarin wani masanin kimiyya ne da ya yi ta haɗe-haɗen magunguna a kwalabe har ya gano wanda zai sa jikinsa ya ɓace wa ido. Ya sha, ya ɓace, sai kuma ya rasa hanyar dawowa. In yana son shiga mutane dole ya naɗe kansa da bandeji, ya sa baƙin tabarau da malafa da safar hannu. In kuma yana son kada a gan shi dole ya tuɓe tsirara, a ƙasar da dusar ƙanƙara take zuba. Ga mura, ga karnuka suna bin sa da haushi, ga sawunsa yana fitowa a taɓo yara suna bi.

Da na ba abokaina labarin a ɗakin kwana, kowa ya hau lissafin abin da zai yi da irin wannan magani. Wani ya ce kicin ɗin makaranta zai shiga ya yi wa tukunyar nama zaman dirshan. Wani ya ce ofishin shugaban makaranta za shi ya karanto mana takardar jarrabawa. Ni kuwa haushi mutumin ya ba ni. Na ce ku dubi wannan wawa, ya ƙare ƙuruciyarsa a kan kwalabe don ya samu abin da ni aka ba ni kyauta tun ranar suna. Suka yi ta dariya, ni ma na yi. Amma littafin nan sau uku na karanta shi, har ƙarshensa, inda ya mutu jikinsa ya riƙa bayyana a hankali mutane suna tsaye a kansa.

Shekaru suka wuce. Kakata ta rasu, Baba ya rasu, Allah ya ji ƙansu. Nakan je gida duk sallah da kuma lokacin girbi, in durƙusa a ƙofar ɗakin Inna in gaishe ta, ta amsa wa ƙofa, in ajiye abin da na kawo, ta yi wa duk wanda yake kusa godiya, in tashi in tafi neman mota.

Bana da damina ta ɗauke, autarmu ta buga mini waya. Ita ce ta ƙarshe a ɗakinmu, tana aure a Surko, 'ya'yanta uku, kuma bakinta ya fi na kowa kaifi a zuri'armu. Ta ce, “Yaya, Inna fa yanar ido ta rufe mata na hagu. Jiya gishiri ta zuba a kunu.” Na sa aka kawo ta asibiti, likita ya duba ya ce sai an yi aiki, ya ba da rana bayan kwana shida. Ya ce yawanci ana dacewa, amma ita shekaru sun ja, kuma na daman ma ya fara. Komawa ƙauye a dawo wahala ce, don haka Inna ta sauka a gidana, ita da Auta mai jinya. Wannan ne karo na farko da ta kwana ƙarƙashin rufina, kuma sai da aka yi da gaske kafin ta yarda.

Maganar likitan nan ta tsaya mini a rai. In aikin bai yi ba fa? Ke nan matar nan za ta rufe ido ba ta taɓa dubana ba ko sau ɗaya. Wallahi tsoro ya kama ni, kuma ni in na ji tsoro fushi nake yi.

Ita kuwa ta shigo gidana ta gaisa da matata, ta ɗauki jikokinta ɗaya bayan ɗaya, ban da babbar, don ita ma 'yar fari ce ta ɗan fari, kunyar ta ninka. Ta gaisa da maƙwabta, ta yaba shukar zogalen tsakar gida, har akuyarmu sai da ta samu kalma biyu. Mai gidan ne kaɗai bai shiga lissafi ba. Na kai ƙara wurin wani abokin aikina, malamin kimiyya, mutumin Filato ne, Kirista, mun shekara goma muna shan shayi tebur ɗaya. Ya saurare ni ya ce, “Malam, ka je ka rungume ta kawai mana!” Na ce so kake a kwantar da mu gado biyu, ita aikin ido, ni karaya? Muna cikin hirar na ba shi labarin tsohon littafin nan, sai ya ce ai an yi fim ɗinsa ba sau ɗaya ba, yana ma da guda biyu, tsoho da sabo. Nan take dabara ta faɗo mini. Na ce tura mini duka.

Dabarar ita ce, Inna ba ta jin Turanci, dole wani ya fassara mata. Mai fassara kuwa a gefen allo yake zama. In tana kallon fim, ko ta ƙi ko ta so idonta zai faɗo kaina. Sannan ga labarin kansa, mutum a tsakiyar jama'a ba mai ganinsa, ai ko dutse ne ya gane inda aka dosa.

Bayan azahar na dawo daga makaranta, muka sauke labulen falo saboda haske, na kifa turmi na ɗora kwamfuta a kai. Inna ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa, Auta a gefenta tana ɓare gyaɗa. Na ja kujera 'yar tsugunne na zauna dab da allon, fuskata tana kallonsu, na gyara hula. Ko fara rubutun farko ba a yi ba Inna ta ce, “Auta, ki ce wa yayanki ya matsa, yana raba mini hankali.” Na matsa kaɗan. Ta ce, “Ki ce har yanzu.” Haka aka yi ta matsar da ni kamar buhu, har na tsinci kaina zaune a ƙasa a gabansu, ina fuskantar allo kamar kowa, na ba su baya. Zafi ya ishe ni na cire hular na ajiye. Rabin dabarata ya mutu tun ba a fara ba.

Tsohon muka fara sawa, wanda ba shi da kala. Inna ta ce, “Auta, su ne ba su da launi, ko idon nawa ne ya ƙarasa?” Aka ce mata haka aka yi shi. Ta ce to alhamdu lillahi. Baƙo ya shigo masauki a naɗe da bandeji, matar masaukin tana ta yi masa shisshigi, Inna ta ce wannan mata ba ta da tarbiyya, baƙo ko ruwa bai sha ba an hau yi masa tambaya. Da aka zo inda ya fusata ya fara warware bandejin, aka ga riga tsaye ba kai, Auta ta watsar da gyaɗarta ta yi salati. Inna ko gezau.

Ta ce, “Layar zana ce. Akwai wani maharbi a Farin Dutse da yake da ita zamanin muna 'yan mata. Amma shi da rigarsa da bakansa yake ɓacewa. Wannan bokansa bai iya aiki ba, tunda sai ya tuɓe. Ina amfanin asirin da zai sa dattijo yawo tsirara?”

Na ga dai labarin ba ya tafiya inda nake so, sai na fara taimaka masa. Kowa ya san masu fassara fina-finai sukan ƙara gishiri, ni kuwa buhu guda na juye. Mutumin yana ihu a kan zai mallaki duniya, ni ina cewa, “Yana cewa, shekara arba'in ina zaune a cikinku, ba wanda ya taɓa ɗaga ido ya dube ni.” Ya jefi wani da kujera, na ce, “Yana cewa, ko sunana ba a kira, sai dai a ce wancan.” Auta ta yi sakandare, tana tsintar Turanci. Ta ce, “Yaya, anya haka ya ce?” Na ce, “Ke kin ga bakinsa ne?” Ta ƙunshe dariya har tana tari. Na kasa kunne in ji ko Inna za ta ce wani abu. Fim ya ƙare, mutumin ya mutu, fuskarsa ta fito a kan matashi. Inna ta ce, “Ashe ma kyakkyawa ne, mugun hali ya kashe shi. Auta, duba mini ko la'asar ta yi.”

Washegari na sa sabon. Shi wannan an juya labarin, ba mutumin ake bi ba, matarsa ake bi. Ta gudu daga hannunsa saboda azaba, shi kuma ya samu wata riga da take ɓoye shi, yana bin ta duk inda ta shiga, yana ɗauke mata kaya, yana ja mata bargo, kowa yana cewa ta haukace. Wannan kam ya kama Inna. Ta matso har ina jin numfashinta a bayana. Ta yi ta ba matar shawara da ƙarfi kamar tana jin ta. “Ke 'yar nan, zuba toka a bakin ƙofa mana! Ba ku da murhu ne?” Can kuwa sai ga matar ta ɗebo wani gari ta barbaɗa a ƙasa tana jiran sawu. Inna ta tafa hannu ta ce, “Yawwa! Auta, kin ga ta ji magana.” Ni da nake fassara ko sannu ban samu ba.

Ban san lokacin da hannuna ya kai kan kwamfutar na tsayar da fim ɗin ba. Saura kwana biyu aiki, ga ta tana tausayin wata Baturiya da ba ta sani ba, tana koya mata yadda ake gano wanda ba a gani. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ban juyo ba, don ko a cikin fushi ban isa ba. Na ari hanyarta na ce, “Auta, ki tambayi Inna, mutumin da yake gida shekara arba'in ba a gan shi ba, shi toka nawa za a zuba kafin sawunsa ya fito?”

Auta ta ce, “Ni fa ba ruwana, jinya na zo.” Na ji Inna tana gyara mayafi. Sannan ta ce, cikin muryarta ta kullum, “Ki ce wa yayanki ya kunna, ba mu ga ƙarshe ba.” Na kunna. Na ci gaba da fassara, wannan karon ba ƙari ba ragi, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni malami guda, mai gemu, na tsaya ina yi wa tsohuwa marar lafiya gori a gidana.

Da aka gama Auta ta tashi tana naɗe tabarma, ni ina naɗe wayar caji ina neman hanyar sulalewa. Sai na ji Inna ta ce, “Auta, su masu yin fim ɗin nan ba su haihu ba ne? Duk guda biyun ban ga an nemo uwarsa ba. Ana ta kiran 'yan sanda, ana ta zuba gari.” Auta ta ce, “To Inna, uwarsa me za ta yi, tunda ba a ganinsa?”

Inna ta ce, “Ni da nawa ne ya sha wannan magani, tun daga zaure zan ce ga shi nan. Sau biyu yake gyaran murya kafin ya yi sallama. Yana jan dunduniyar hagu, shi ya sa takalminsa na hagu yake riga cinyewa, tun yana ƙarami haka yake. In ransa ya ɓaci kafaɗarsa ta dama takan ɗaga ta fi 'yar uwarta, ga ta can ma har yanzu ba ta sauka ba.” Ta ƙara da cewa, “Kuma ki gaya masa ya daina jin kansa yaro. Furfura ta fito masa a ƙeya, ƙasan inda hula take tsayawa, guda uku. Bara da babbar sallah biyu ce.”

Na sauke kafaɗata. Na fita tsakar gida da wayar caji a hannu na tsaya wajen zogale. Bara da babbar sallah na je gida, na gaishe ta ta amsa wa ƙofa, ban fi rabin sa'a ba na tashi na tafi neman mota. Yaushe ta ƙirga? Sai na bi abubuwan da ta lissafa ɗaya bayan ɗaya, dunduniya, kafaɗa, ƙeya. Babu na fuska ko ɗaya. Duk abin da mutum yake gani ne in ka juya kana tafiya. Na tuna doguwar hanyar da take tashi daga ƙofar ɗakinta zuwa zaure, wadda na bi sau ba adadi ina sauri, ina cika ina batsewa, ban taɓa waiwayowa ba.

Na samu matata a kicin na miƙa mata wayata na ce ta ɗauki hoton ƙeyata. Ta dube ni kamar na zare, amma ta ɗauka. Muka buɗa hoton da yatsu. Ga su nan, uku cif, a jere. Ta ce, “Ikon Allah, ni da nake wanke hulunanka ban lura ba. Tsaya in cire maka.” Na ce in kika taɓa su sai mun je gaban alƙali. Ta ce yau kuma me aka ba ka a makaranta?

Ranar aiki ta zo, aka shiga da Inna da safe, kafin azahar an fito da ita da bandeji a idon hagu. Auta ta ce, “Inna, Allah dai ya sa gobe in an warware a tarar da ke a ciki.” Inna ta ce za ta ci gidansu. Washegari muka koma, likita ya zaunar da ita ya cire bandejin a hankali, ya goge, ya ce ta buɗe. Ta ƙifta, ta ƙifta, ta yi hamdala. Ya ce, “Hajiya, me kike gani?” Ta ce ga shi nan da farar riga, ga alƙalami biyu a aljihunsa, ga Auta da ɗankwalinta a karkace, ga fanka, ga kalanda. Ni kuwa ina tsaye a gabanta sak, tsawon hannu ɗaya.

Likitan ba mutumin wajenmu ba ne. Ya ɗan damu, ya nuna ni ya ce, “Wannan fa da yake tsaye a nan?” Inna ta karkata kai ta ce, “Bangon da yake bayansa ma ina ganinsa lafiya lau, fentinsa ya fara tashi.” Ya ɗauko 'yar fitilarsa zai sake dubawa, sai Auta ta ce, “Likita, bar ta, ɗan fari ne.” Wata ma'aikaciyar jinya da take gefe ta fashe da dariya ta yi masa bayani. Ni ma dariya na yi, har da hawaye, kuma ban damu da wanda ya gani ba.

Ya rubuta maganin ɗigawa ya miƙo mini takardar, ya ce a ƙarshen baranda ake bayarwa. Barandar doguwa ce, kuma ƙofar ɗakin a buɗe take. Na fita, na cire hulata na riƙe a hannu, na tafi a hankali kamar mai ciwon ƙafa, ban waiwaya ba. Ban yi taku goma ba na ji muryarta a bayana.

“Auta,” ta ce, “ashe huɗu ce.”